Baƙon da Ba Ya Sallama

Gidan Bahaushe na gargajiya an gina shi ne a kan tambaya guda: wa zai shiga, kuma ina ne iyakarsa? Katanga ta kewaye gida, zaure ya tsaya a gaba, bayansa shigifa, sannan tsakar gida, sannan ɗakuna. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama. In an amsa masa ya jira iso, in ya yi sau uku ya ji shiru ya juya. A wasu ƙofofin har rubutawa ake yi da gawayi ko fenti: Ba Shiga. Addini ya zo ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin a cikin Suratun Nur an yi umarni da neman izini kafin shiga gidan da ba na mutum ba.

Jikin ɗan Adam ma unguwa ce ta gidaje masu katanga. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin halittar da ke jikin baligi sun kai tiriliyan 30, kowace da tantanin da ya kewaye ta, kowace da ƙofofinta da masu gadinta. Shekaru kusan 70 ke nan masu haɗa magunguna suna ƙwarewa a kan wata dabara ta ƙera baƙon da zai ratsa wannan katanga ba tare da an tsayar da shi ba, kuma in ya shiga ba a iya korarsa da wuri. Babban makaminsu a wannan aiki wani sinadari ne da ake kira fulorin. Tambayar da nake so mu tattauna, mai karatu, ita ce: idan ilimi ya ƙwace wa jiki ikon cewa a'a, wa ya gaji wannan iko, kuma wane nauyi ne ya hau kan wanda ya ƙera mabuɗin?

Katangar mai

Tantanin ƙwayar halitta siriri ne ƙwarai. Sai an jera fiye da 10,000 a kan juna kafin su kai kaurin takarda guda. A shekarar 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatsi kitsen da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka auna faɗinsa, suka ce lalle tantanin nan ninki biyu ne na mai. Kowane ɗan ƙwayar man yana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa. Kawunan suna fuskantar ruwan waje da ruwan ciki, jelolin sun haɗu a tsakiya. Duk macen da ta taɓa zuba man gyaɗa a ruwa ta san abin da ke faruwa: kowa ya kama gabansa. Wannan ƙiyayya tsakanin mai da ruwa ita ce katangar. Gishiri da sukari da duk abin da ke narkewa a ruwa ba sa iya ratsa ta da kansu, sai ta ƙofofin furotin da aka dasa a jikinta, kowace ƙofa da irin baƙon da take karɓa.

Ga matsalar mai haɗa magani. Ƙwayar da ka haɗiya dole ta narke a ruwan ciki, ta ratsa man bangon hanji, ta bi jini, ta wuce ta hanta, sannan ta kai inda ciwo yake. Hanta kuwa hukumar kwastan ce. Tana da ma'aikatanta, waɗansu furotin da aikinsu shi ne su kama duk wani baƙon sinadari, su liƙa masa alama, su mayar da shi mai narkewa a ruwa domin ƙoda ta zubar da shi a fitsari. Magunguna da dama masu kyau a ɗakin gwaji a nan suke ƙarewa.

Fulorin shi ne na tara a jerin sinadarai, kuma babu wanda ya kai shi kwaɗayin fizgar lantarki daga maƙwabcinsa. In yana shi kaɗai iska ce mai launin ɗorawa-ɗorawa wadda take cin kusan duk abin da ta taɓa. Masana da yawa sun jikkata wajen ƙoƙarin ware shi, wasu ma sun rasa rayukansu, kafin Henri Moissan ya yi nasara a birnin Faris a 1886, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1906. Abin mamaki shi ne, wannan mafaɗaci da zarar ya kama hannun kabon sai ya natsu, ya ƙulla ɗaya daga cikin ƙulli mafi ƙarfi da aka sani a wannan fage. Kuma ƙarami ne, bai fi haidurojin girma da yawa ba, don haka ana iya cire haidurojin a sa shi a gurbinsa ba tare da siffar magani ta sauya sosai ba.

Wannan ɗan canji yakan yi aiki uku. Na farko, idan aka dasa fulorin a daidai wurin da ma'aikatan hanta suka saba kamawa, sai su rasa madafa, magani ya daɗe a jini. Na biyu, a wurare da yawa yakan ƙara wa magani son mai, ko ya rage masa cajin lantarkin da ke hana shi nutsewa cikin tantani, sai ratsawa ta yi sauƙi. Ba kullum ne hakan ke faruwa ba, ya danganta da inda aka dasa shi. Na uku, yakan sa magani ya riƙe abin da aka aike shi ya riƙe da kyau. A farkon shekarun 1950 Josef Fried a Amurka ya sa fulorin guda ɗaya a jikin wani maganin kumburi, ƙarfinsa ya ninku kusan sau 10. Daga nan aka buɗe hanya. A yau kimanin kashi 20 cikin 100 na magungunan zamani suna ɗauke da fulorin. Ka ɗauki kwalin magani a gidanka ka duba sunan. In ka ga haruffan "flu" ko "flo" a ciki, sau da yawa shi ne. Yana cikin Cipro da ake sha saboda taifod, yana cikin maganin ƙanjamau da miliyoyin mutane ke sha kullum a Afirka, yana cikin deksametazon wanda gwajin da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Barcin da ba na Allah-da-Annabi ba

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar ɗakin tiyata. Tun 1846, lokacin da aka nuna wa duniya aikin iskar eta a birnin Boston, likitoci suka samu hanyar yanka mutum ba tare da ya ji ba. Sai dai eta tana kama wuta, wasu iskokin da suka biyo bayanta ma har fashewa suke yi, ga kuma na'urorin lantarki sun fara shiga ɗakunan tiyata. A 1951 Charles Suckling, wani masanin sinadarai a kamfanin ICI na Ingila, ya haɗa halotan, mai fulorin uku, wanda ba ya cin wuta. A 1956 aka fara amfani da shi a kan marasa lafiya a Manchesta. Kusan duk iskokin sa barci da aka ƙera bayansa 'yan gidan fulorin ne.

Tun a 1899 da 1901, Meyer da Overton, kowa a nasa ɓangaren, sun lura cewa gwargwadon yadda iska ke narkewa a man zaitun, gwargwadon ƙarfinta na sa barci. Shekaru da yawa aka ɗauka cewa iskar tana narkewa ne a man tantanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta dagula shi. A 1984 Franks da Lieb a Landan suka nuna cewa waɗannan iskoki suna iya hana wani furotin aiki ko da babu mai a wurin, furotin ɗin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare haske. Yanzu mafi yawan masana sun karkata ga cewa iskar tana zama ne a cikin ƙananan lunguna na ƙofofin furotin da ke jikin tantanin, ta sa wasu su daɗe a buɗe, wasu su ƙi buɗewa, har saƙo ya daina tafiya.

Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi. Mutum ya shaƙi iska, ta bi huhu ta shiga jini, ta ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, ta kai ga wurin da "ni" yake zaune, ta kashe fitila. Mai barcin dare in ka tsunkule shi zai farka. Wannan ko an buɗe cikinsa ba zai motsa ba. Ba ya iya cewa a daina, ba ya iya cewa ya fasa. Duk wata kariya da aka halicce shi da ita, daga tantani zuwa zafin ciwo zuwa harshe, an ɗauke ta na ɗan lokaci. Abin da ya rage masa a duniya shi ne maganar da aka yi da shi kafin ya kwanta, da amanar waɗanda ke tsaye a kansa.

Daga nan ne nake ganin amsar farko take fitowa. Ikon ƙi bai ɓace ba, wuri ya sauya. Da yana jikin tantani da hanta, yanzu ya koma bakin mai jikin. Duk lokacin da masana suka ƙara wa magani iya shiga, sun ƙara wa sallamar da za a yi wa mutum nauyi. Takardar da ake miƙo wa majiyyaci ya sa hannu kafin tiyata, wadda sau da yawa ake yi da ita kamar rasiɗin kuɗin kati, ita ce zauren da ya rage.

Mai kashe gobara ba ya sallama

Wani zai ce, malam, ka cika son tsawaita zance. Tantani ba shi da hankali, hanta ba ta san masoyi da maƙiyi ba. Tana korar maganin da zai ceci mai ita kamar yadda take korar guba. Shingen ƙwaƙwalwa yakan tare magani ya bar ƙwayar cuta tana ɓarna a ciki. In gida ya kama da wuta, wa ke jiran a amsa sallama? Ana fasa ƙofa ne a shiga.

Wannan magana gaskiya ce, kuma malamai sun daɗe da faɗin cewa larura tana halatta abin da aka hana. Wanda aka kawo asibiti a sume bayan haɗarin mota ba a jiran ya farfaɗo a tambaye shi. Amma malaman nan ba su tsaya a nan ba, sun ƙara da cewa larura ana auna ta da gwargwadonta. Mai kashe gobara ya shiga ne domin wutar, kuma domin masu gidan. Idan ya shiga da wata bukata tasa, ko da wutar gaskiya ce, ko da ya watsa ruwa, hukuncinsa ya canza.

Akwai kuma masu cewa sinadari ba shi da laifi, kamar wuƙa ne, mahauci ya riƙe ta ɗan ta'adda ma ya riƙe ta. Tarihin fulorin ya ba su hujja mai kyau. A Afirka ta Kudu akwai wani ɗan tsiro da makiyaya ke tsoro, wanda ganyensa kaɗan ke kashe saniya. A shekarun 1940 aka gano gubarsa: wani sinadari ne mai kama da tsamin da ke cikin ruwan kal, sai dai an sauya haidurojin guda da fulorin. Ƙwayar halitta tana ganinsa sai ta ɗauka abinci ne, ta shigar da shi injin da take samar da ƙarfi, ta sarrafa shi da hannunta, sai abin da ya fito ya toshe injin. Masanin Ingila Rudolph Peters ya bayyana wannan da cewa jiki ne ke haɗa ajalinsa da kansa. A 1957 Charles Heidelberger a Amurka ya ɗauki irin wannan yaudara ya juya ta kan ciwon daji. An lura cewa wasu ƙwayoyin daji suna zarin wani tubali da ake kira yurasil, sai ya sa wa tubalin fulorin. Ƙwayar daji ta karɓe shi ta ƙofar da take karɓar na gaskiya, gininta ya tsaya. Maganin, 5-FU, har yau ana ba masu ciwon dajin hanji da wasu ire-irensa. Dabara ɗaya, a can ta kashe shanu, a nan ta tsawaita rayuka.

To amma kwatancen wuƙa yana da iyaka. Wuƙa ana ganinta, wanda aka nufa da ita yana iya gocewa. Abin da aka ƙera musamman domin kada jiki ya gane shi, kada ya tare shi, kada ya kore shi, ya bar mai shansa ba shi da wata dabara sai dogaro da abin da aka gaya masa. Akwai mutanen da aka haifa ba su da isasshen furotin ɗin da ke rusa 5-FU. Adadin da ke warkar da wani su yana iya hallaka su, kuma ba za su taɓa sanin haka da kansu ba. Shi ya sa a 2020 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a riƙa gwada majiyyaci kafin a fara ba shi. Wanda ya san sirrin mabuɗi ya fi wanda ke cikin ɗaki sanin haɗarin, don haka nauyin da ke kansa ya fi na mai sayar da wuƙa.

Kano, 1996

Mu a wannan yanki ba a littafi muka karanta wannan darasi ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, ga kyanda da kwalara a lokaci guda. Sanƙarau ciwo ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wato can bayan shinge, inda magunguna da yawa ba sa kaiwa. Kamfanin Pfizer na Amurka yana da sabon magani a lokacin, Trovan, ɗan dangin Cipro mai fulorin uku, wanda ake fatan zai iya kaiwa can ko da ta baki aka sha shi. Ayarin kamfanin ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya ɗauki yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu sun rayu da kurumta ko shanyewar jiki, abin da shi kansa sanƙarau yakan bari. Bayan kimanin mako biyu ayarin ya tafi, annoba tana ci.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya ceci rayuka, cewa ciwon ne ya kashe yaran, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu cewa a harabar asibitin akwai likitocin agaji da ke ba da maganin da aka riga aka sani ba. Babu takardun amincewa da iyayen suka sa wa hannu. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. A 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan saboda lalata hanta, Turai ta dakatar da shi. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. A farkon wannan shekarar kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa haramcin yin gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ƙa'ida ce ta dokar duniya, wadda asalinta ke komawa ga shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg a 1947.

Mu ɗauka, domin tattaunawa, cewa lissafin kamfanin daidai ne: 5 bai kai 6 ba, maganin bai kashe kowa ba. Shin shi ke nan babu abin da aka yi wa kowa? Ina ganin a nan ne ya kamata mu raba cutarwa da zalunci. Idan mutum ya haura katangarka da dare ya share maka tsakar gida ya fita, bai ɗauki ko tsinke ba, ba ka yi asara ba, amma an keta maka haddi. Ya mayar da gidanka wurin da ake shiga ba da saninka ba. Uban da ya ɗauko ɗansa wuya a sanƙare yana neman ceto, shi kuma mai gwaji yana neman amsar wata tambaya da kuma lasisin kasuwa. Bukatun biyu suna iya haɗuwa, babu laifi a haɗuwarsu, matuƙar uban ya san cewa biyu ne. Larura ba ta ɗauke wannan wajibi ba, ƙara shi ta yi, domin wanda ke cikin firgici ya fi kowa sauƙin cewa to. Ma'aunin kuwa tsoho ne: wanzami ba ya son jarfa. Duk mai gwaji ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa haka, a cikin harshen da ba ya ji, a ranar da ya fi kowace rana ruɗewa.

Keta haddi kuma yana da 'ya'ya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa bisa jita-jitar cewa an gurɓata shi. Dalilan suna da yawa, na siyasa da na abin da ke faruwa a duniya a lokacin, amma masu nazari da dama sun lissafa labarin Trovan a cikinsu. Kafin Kano ta dawo da rigakafin a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakani ba su san Trovan ba, amma sun biya wani ɓangare na bashinsa. Yarda ma tantani ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a fahimci wannan a matsayin kiran a rufe ƙofa ga bincike. A 2017, lokacin wata annobar sanƙarau a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, Ma'aikatar Lafiya ta Nijar da cibiyar bincike ta Epicentre suka gwada raba Cipro sau ɗaya ga dukkan mutanen ƙauyen da cutar ta ɓulla. A ƙauyukan da aka yi haka, yawan masu kamuwa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ciwo ɗaya, dangin magani ɗaya, Hausawa ɗaya, kuma amsar da aka samu ta amfani mutanen da aka yi binciken a cikinsu. Al'ummar da ba a bincike a cikinta takan ƙare da shan maganin da aka auna a jikin wasu.

Baƙo raɓa ne

Sallama rabin ladabin baƙo ce, ɗaya rabin shi ne sanin lokacin tafiya. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. A nan ƙarfin fulorin ya zama abin dubawa ta wata fuskar.

Halotan ya yi aiki shekaru, sai aka lura cewa jefi-jefi yana lalata hantar wasu, musamman waɗanda aka shaƙa musu fiye da sau ɗaya. Dalili shi ne hanta tana iya farfasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shiga, wani ɓarɓashi mai fulorin ya manne a jikin furotin ɗinta, sojojin jiki su kasa gane ta su far mata. Masana suka ce to a ƙera wanda hanta ba za ta iya taɓawa ba. Aka ƙara fulorin har aka kai ga desfuluren, mai fulorin shida, wanda kusan dukkansa yake fita ta numfashi yadda ya shiga. Majiyyaci ya tsira, ya kuma farka da wuri. Sai dai iskar da ta fita daga huhunsa ta bi bututu ta hau sama, inda take shafe shekaru fiye da 10, kuma a ma'aunin shekara 100 tana riƙe zafi kusan sau 2,500 fiye da iskar kabon mai nauyi ɗaya da ita. A 2023 Sikotlan ta zama ƙasa ta farko da ta daina amfani da shi. Haɗarin da aka ɗauke daga hantar mutum ɗaya an raba shi ga kowa da kowa, har da manomin da ke jiran damina a bakin Tafkin Chadi, wanda ba a taɓa yi wa tiyata ba kuma ba wanda ya yi masa sallama.

Gaskiya ne kason iskar tiyata a ɗumamar yanayi ƙanƙane ne in aka kwatanta da man fetur da kwal. Gaskiya ne kuma asibitocin Afirka da yawa sun ci gaba da dogaro da halotan shekaru bayan ƙasashe masu arziki sun bar shi, saboda shi ne mai araha. Ba adalci ba ne a ce wa matar da haihuwa ta zo mata da gardama a asibitin karkara ta damu da sararin samaniya. Nauyin yana kan wanda ke da zaɓi: asibitin da ke da iska uku a kan shiryayye, da kamfanin da ke zana magani na gaba. Tambayar da ta kamace su tun ranar farko ita ce, bayan ya gama aiki, ina za shi? Wasu ɓarɓashin sinadaran fulorin, daga magunguna da magungunan feshi da iskar firji, suna ƙarewa a ruwa, kuma ba a san wata hanya da ƙasa ke narkar da su cikin sauƙi ba. Jikokinmu za su sha ruwan, su ma ba a nemi izininsu ba.

Namu kason

Da sauƙi mutum ya nuna kamfanonin Turai da yatsa ya koma gefe. Amma a yau wanda ya fi buɗe wa wannan baƙo ƙofa ba tare da tambaya ba, mu ne. Kowane zazzaɓi ya zama taifod, kowane taifod Cipro, daga kemis ko daga tiren mai talla a tasha, a sha kwana biyu in jiki ya yi sauƙi a ajiye saura. Hukumar magunguna ta Amurka tun 2008 ta sa gargaɗi mafi girma a kan wannan dangin magani saboda yana iya tsinka jijiyar agara, a 2016 kuma ta ce kada a ba da shi a ƙananan cututtukan da ke da wani magani. Su kuma ƙwayoyin cuta ba su zauna ba. Waɗanda suka tsira daga rabin magani sukan rage ƙofofin da ke jikin tantaninsu, su ƙara famfunan da ke tofar da maganin waje, su sauya siffar abin da yake kamawa. Mu muka koya musu gina katanga. Ranar da yaro zai zo da taifod na gaske, mabuɗin ya riga ya lalace.

Izinin da babu sani a cikinsa suna ne kawai. Saboda haka haƙƙin majiyyaci ne ya yi tambaya uku kafin ya haɗiya ko ya sa hannu: mene ne wannan, me zai iya yi mini banda abin da ake so, kuma akwai wata hanya? Haƙƙinsa ne a amsa masa da harshen da yake mafarki da shi. Kuma mai jikin ake tambaya. Miji da uba da yaya suna da matsayinsu na shawara da tallafi, amma matar da za a shaƙa wa iska ita ce fitilarta za ta mutu, ita ya kamata ta ji bayani da kunnenta ta amsa da bakinta muddin tana cikin hayyacinta. Likitan da layi ya yi masa yawa zai ce babu lokaci, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Sai dai minti biyun da zai tsaya ya ce, "Baba, ga abin da za mu sa maka, ga abin da za ka ji, ka yarda?" suna cikin aikin, kamar yadda wanke hannu yake cikin aikin.

Masana za su ci gaba da ƙera magungunan da suka fi na yau iya shiga, kuma muna bukatarsu, domin akwai cututtukan ƙwaƙwalwa da na daji da har yanzu suke ɓoye a bayan shinge. Abin da ba za a iya haɗawa a ɗakin gwaji ba shi ne mutumin da zai tsaya a ƙofa, da mabuɗi a hannunsa, ya yi sallama ya jira a amsa. Wannan sai tarbiyya, sai doka mai haƙora, sai kuma al'ummar da ta san cewa tambaya haƙƙinta ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa masu yi musu magani su riƙe amana.